Kafin Ka Yanke Wayar Makulli

Ƙannena masu hawan babur a Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da ku yaran kanikawa da ke koyon aiki a bakin titi, da ku nake. Maganata a kan ƙaramin abu ce, gidan makullin babur, wanda bai kai dunƙulen hannu ba. Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakaninku. Makulli ya ƙi juyawa, ko ya ɓata, ko ya karye a ciki, sai a kwance fitilar gaba, a zaro wayoyi, a fere su da reza ko da haƙori, a murɗa, a buga kik. Inji ya tashi, kowa ya yi murna an tsira da kuɗin gyara. Shi ke nan sai a bar shi haka, wata ya bi wata. Haɗa waya dabara ce ta fita daga daji a isa gida. Wanda ya mayar da ita hanyar tayar da babur ta kullum, abin da yake jawo wa kansa ya fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba.

Ba wai ban san halin da ake ciki ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta zube a bayansa, kuɗin sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. A daminar 2023 ɗin ce kuma cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko har da nan Jema'a, manoman da suka saba canza mashin in sun sayar da amfani suka tashi ba uwa ba riba. Dole aka koma wa tsofaffin Jincheng da Boxer da aka jingine a zaure. Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan tun da layukan dogo suka haɗu a nan a 1927, amma yau babur ne ke sauko da buhun citta daga gona zuwa bakin kwalta, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai ɗalibi Gidan Waya. Abin da ke ɗauke da wannan nauyi bai kamata a riƙa tayar da shi da wayoyi biyu a murɗe ba.

Yawancin masu yanke waya ba su taɓa buɗe gidan makullin sun ga cikinsa ba. Hawa biyu ne. Na sama shi ne kwaɗon: wasu siraran ƙarafa ne a kan ƙananan sifirin, sai haƙoran makulli sun jera su daidai kafin ya juya. Na ƙasa faifan roba ne mai ɗigo-ɗigon tagulla, a jikinsa wayoyi suke. In makulli ya juya, faifan ya juya, ya haɗa wasu wayoyi ya raba wasu. A baburan da ke bin tsarin Honda, kamar CG125 da ɗimbin na China da aka kwaikwaya daga gare shi, wayoyin huɗu ne. Ja ce ke ɗauko wuta daga batir. Baƙa ce ke raba ta ga hon da sigina da fitilar birki. Koriya tana komawa bodi. Sai baƙa mai ratsin fari, wadda ke zuwa akwatin CDI, mai sarrafa tartsatsin fulogi. In ka kunna, ja ta haɗu da baƙa. In ka kashe, su rabu, mai ratsin fari kuma ta haɗu da koriya, wutar da ya kamata ta je fulogi ta zube a bodi, inji ya mutu.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. A irin waɗannan babura, wutar tartsatsi daga kwayil ɗin da ke gefen inji take fitowa, ba ruwanta da batir. Aikin makulli a wajen inji shi ne kashe shi, ba ba shi wuta ba. Akwai kuma wasu baburan da CDI ɗinsu daga batir yake sha, sai makulli ya buɗe masa hanya kafin inji ya motsa. Launin wayoyi ma ba ɗaya ba ne: na Bajaj da TVS na Indiya daban, na Yamaha daban, na Suzuki daban, balle tsohon mashin da hannu goma suka taɓa, kowa ya yi ƙari da guntun wayar da ya samu. Yaron da ya haddace "wannan da waccan" a babur ɗaya, ya zo ya gwada a wani, yana iya tura wutar batir cikin wayar CDI ya lalata shi. Ga kuɗin makulli bai biya ba, ga na CDI ya hau kansa.

Sau da yawa ma gidan makullin lafiyarsa ƙalau, an yanke masa waya ne a kan laifin wani. Kafin ka taɓa reza, kunna makulli ka danna hon. In shiru, fitilar nutural ma ba ta kawo ba, fara da fiyus da ke kusa da batir, sannan ka duba kan batir ɗin ko ya yi farin gishiri ko noti ya saki. In wuta ta kawo amma inji ya ƙi tashi, cire fulogi, ka jingina shi da jikin inji, ka buga kik ka ga ko akwai tartsatsi. In babur yana tashi amma yana mutuwa a kan hanya, bar shi a tsaye yana aiki, ka juya kansa dama da hagu har ƙarshe. In ya yi tari ko ya ɗauke, matsalar a wuya take, inda damin wayoyi ke lanƙwasa duk sa'ad da ka sha kwana. A nan suke cinyewa a hankali kamar igiyar guga a bakin rijiya, robar waje tana nan lafiya, tagullar ciki ta tsinke. Akwai kuma soket ɗin da ke cikin kwanon fitila, wanda ruwa ke kwanciya a ciki har bakinsa ya yi kore. Zare shi, goge shi, mayar da shi, wani lokacin iyakar gyaran ke nan. Sai in ka girgiza makullin kansa ka ga wuta tana kawowa tana ɗaukewa, sannan ka tabbata laifin nasa ne.

Ƙasarmu ma tana da hannu a lalacewarsa. Ruwan da ake yi a gindin duwatsun Kagoro ba irin na Kano ko Katsina ba ne. Daga Afrilu har Oktoba ana tafkawa, bakin makulli kuma sama yake kallo. Babur ya kwana a tsakar gida ba rufi, ko an kai shi rafi an yi masa wanka da bokiti, ruwa ya gangara ta ramin makulli ya zauna a kan faifan tagulla. Damina ta wuce, hunturu ya zo da ƙurarsa ya cika ramin. Sai mai babur ya ga makulli yana tauri, ya ɗiga masa baƙin mai, mai ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Abin da kwaɗo ke so busasshen abu ne: ka goga bakin fensir a haƙoran makulli, ka sa ka zare sau da yawa, za ka ji ya yi laushi. Ka kuma raba makullin babur da tulin makullan ɗaki da na shago da na akwati. Nauyinsu yana lilo a kan gargadar hanyar Kwoi ko ta Godogodo, shi ke cinye cikin kwaɗon har ka wayi gari makulli yana zarewa inji na aiki, ko kowane makulli ya buɗe shi.

To, me ke faruwa in an bar wayoyi a murɗe? Jar wayar nan kullum da wuta a jikinta, ko babur yana tafiya ko yana barci. In an haɗa ta da baƙa an bar su, batir zai yi ta tsiyaya har ya mutu. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ranar da salatif ya saki saboda zafi da jijjiga, tsirarar waya ta taɓa ƙarfe. Fiyus aka yi domin wannan rana, ya ƙone shi kaɗai ya ceci sauran. Amma mutumin da ya ƙi sayen gidan makulli, shi ne dai wanda in fiyus ya ƙone zai naɗa masa zaren waya ko takardar cikin kwalin sigari. Daga nan ba abin da zai tare wuta. Waya ta yi ja, roba ta narke ta kama ta kusa da ita, damin wayoyin nan kuma ta ƙarƙashin tanki ya bi, dab da tiyon fetur. Kai kuma a kan tankin kake, wataƙila da mace da goyo a bayanka.

Akwai haɗari na biyu, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ya auku. Babur ɗin da aka raba shi da makulli sau da yawa ba shi da makashi a kusa da hannu. Wayar totur tana maƙalewa, musamman a tsohon mashin da ya sha ruwa. Mai makulli zai kama kuloci ya murɗa ya kashe. Kai fa? Kana gangaren Kagoro da kaya, inji yana ihu, kana laluben waya a ƙarƙashin fitila. Ko kuma an faɗi, babur ya danne ƙafa, taya tana juyawa, fetur yana zuba, mutanen da suka rugo taimako suna neman makulli su kashe, babu.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce wuta da faɗuwa. Ku dubi inda muke zaune. Wannan gari ya ga rikicin 1987, ya ga na 2011, ya sha dokar hana fita ba sau ɗaya ba. A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da hana hawan babur na wata uku, na haya da na gida, saboda da babura 'yan bindiga ke kai hari. Tun daga lokacin idon jami'an tsaro da na 'yan banga a kan mai babur yake. Kowace hanya da shingenta, kowane ƙauye da matasan da ke gadin dare. Satar babur kuwa ta ƙona wa mutane rai, domin wanda aka ɗauke wa mashin an ɗauke masa abincin gidansa ne, wani ma bai gama biyan kuɗinsa ba.

Yanzu ka ɗauka ka je kasuwar wani ƙauye inda ba a san ka ba. Ka gama abin da ya kai ka, ka dawo wurin babur, ka sunkuya kana haɗa waya. Wanda ke kallonka daga rumfa bai san naka ba ne. Abin da idonsa ya nuna masa shi ne baƙo yana tayar da mashin ba makulli, kuma haka ɓarawo yake yi. Baki ɗaya ya isa ya ce "ɓarawo!" Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma, ya kuma san taron da ya fusata ba ya tsayawa karanta rasit. Ɗaukar doka a hannu zalunci ne, haramun ne a Musulunci da Kiristanci, laifi ne a dokar ƙasa, kuma ina roƙonku kada ɗayanku ya taɓa ɗaga hannu a irin wannan taro, ko da an kama mutum dumu-dumu. A miƙa shi ga hukuma. Sai dai faɗin haka ba zai kare ka a ranar ba. A yankin da mutane ke saurin tambayar ɗan wane ne, daga wace unguwa, wane addini, abin da ya faro a kan mashin ɗaya yana iya zama abin da gari zai kwana bai yi barci ba. Makullin da ke shiga ya juya, ya buɗe tanki, ya buɗe wuya, shi ne shaidar farko da kowa ke ganewa ba sai an yi magana ba. Ko a shingen 'yan sanda, mai makulli da takarda minti nawa yake yi? Mai waya a murɗe kuwa sai an ce ya gangara gefe, in ba a yi sa'a ba babur ya kwana a ofis.

In ta kama dole, misali makulli ya karye maka a hanyar gona tsakanin Zonkwa da Madakiya magariba ta kawo kai, ba wanda zai ce ka kwana a daji. Amma ka yi shi a gaban mutane, ba a ɓoye ba. In akwai gida kusa, yi sallama, ka ce, "Baba, makullina ne ya karye, ga guntun, ina so in tayar in tafi." Ka bar guntun makullin a aljihu. Kada ka tsallake fiyus. Kada ka yanke waya in zare soket zai wadatar, domin abin da aka zare ana mayarwa, abin da aka yanke sai an yi ƙari. Ka san yadda za ka kashe kafin ka tayar. Da ka isa gida ka cire kan batir, gari na wayewa ka nufi wurin mai wayarin. In kuma babur ɗin na wani ne kana biyan balas, ka kira maigidan ka gaya masa a daren, kada ya gani da idonsa daga baya ya fara zarginka.

Canza gidan makulli ba babban aiki ba ne. Kwance tsohon ka tafi da shi shagon kayan gyara, kada ka je da baki kawai. A gwada su gefe da gefe: yawan wayoyi, siffar soket, ramukan noti, da harshen da ke kulle wuya. Kayan da ke zuwa mana daga Nnewi da sauran manyan kasuwanni hawa-hawa ne, kwali iri ɗaya, ciki daban. Ɗauki ka ji nauyinsa, sa makulli ka juya. Mai kyau yana faɗawa kowane mataki da ƙarfi, na banza yana sulɓi ba ka san inda ya tsaya ba. Araha ba ta ado. In da hali sayi cikakken saiti, wanda ya haɗa da murfin tanki da kwaɗon gefe, makulli ɗaya ya buɗe duka. Kafin a fara aiki a cire wayar batir ta bodi. In soket ya dace, turawa kawai za a yi. In bai dace ba, kada a bi launi da ka. A sa mita, ko ƙaramin ƙwan fitila da waya, a gano wace ke haɗuwa da wace a kunne da kuma a kashe. Duk inda aka yi ƙari a like da dalma sannan a naɗe, a kuma ɗaure damin yadda in an juya kai ba zai ja ba. An gama, a gwada hon da sigina da fitilar birki, a tayar, a kashe da makulli a ga ya mutu nan take.

Kada ka yar da tsohon gidan makullin, kuma ka karɓi rasit na sabon ka haɗa da takardun babur. Ranar da wani ya tambaye ka me ya sa makullin tanki ya bambanta da na kai, amsarka tana hannu.

Wannan tambayar kai ma ka yi ta in za ka sayi na hannu. Babur mai makulli iri biyu, ko sabon gidan makulli fil a jikin tsohon mashin, ko wuyan da aka karya makullinsa da ƙarfi, duk suna bukatar bayani. Mai yiwuwa bayanin gaskiya ne, amma sai ka ji shi. Duba lambar inji da lambar bodi da idonka, ka gwada da abin da ke rubuce a rasit na asali. In ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, tashi ka bar wurin. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, in so samu ne a gaban mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar 'yan acaba. Wanda ya ce maka takardu suna gida zai kawo gobe, kuɗinka ma su jira goben. Kada ka yi cinikin biri a sama. Doka tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane ko yana da dalilin zargi, kuma farashin da ya yi arha fiye da kima shi kansa dalilin zargi ne.

Ku kuma yaran gareji, nauyinku ya fi na kowa, domin a hannunku ilimin yake. Za a kawo muku babur a ture, a ce, "Ɗan'uwa, makulli ne ya faɗi, taimaka ka haɗa mini." Mafi yawansu gaskiya suke faɗa. Amma ɓarawo ma da wannan maganar yake zuwa, ya fi son ya zo da yamma oga ba ya nan, ya fi son yaro, kuma ba ya neman ragi. In ba ka san mutum ba, ba ka san mashin ɗin ba, ce masa ya kawo takarda ko ya kawo wanda ya san shi, ko ya jira maigida. Mai gaskiya zai ɗan yi ƙorafi ya je ya kawo. Ku ajiye littafi a shago, a rubuta rana da lambar inji da lambar wayar duk wanda aka canza wa makulli. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, haka mutane za su ɗauke ka, kuma in bincike ya biyo sawu, ƙofar shagon da aka yi aikin zai fara tsayawa. Sunan ogan da ya yi shekaru yana ginawa kake riƙe da shi duk lokacin da ya fita ya bar maka shago. Haka nan kada ka mayar da abin da ka koya abin burgewa a majalisa, kana nuna wa abokai yadda ake tayar da mashin ba makulli. Ba ka san kunnen da ke saurare ba.

Sabon gidan makulli da makulli biyu yake zuwa. Ɗaya a aljihunka, ɗaya a gida wurin mahaifiya ko matarka, ba a ƙarƙashin kujerar babur ba. In ɗaya ya ɓata, kai ɗayan a yanka maka wani a ranar, tun haƙoransa ba su cinye ba. Tun da kuma ka ga yadda wayoyin suke, ka gane makulli shi kaɗai ba ya hana ƙwararren ɓarawo. Sa mai wayarin da ka amince da shi ya ƙara maka ɓoyayyen makunni a inda kai kaɗai ka sani, ƙari a kan makulli, ba madadinsa ba. In za ka shiga masallaci ko coci ko kasuwa, kulle wuya, ka zura sarƙa mai kauri a taya ka ɗaure ta da wani abu kafaffe. Da damina kuma ka yanko 'yar roba daga tsohon tub ka rufe bakin makullin in babur zai kwana a waje.